Karcen Allura a Faifan Abba

Shafi na 23

Masu tsine wa Kawu a ƙasan shafin jiya, na ga sharhinku, har da wadda ta ce in ba ta lambarsa ta gaya masa guda biyu. Ku ɗan taka wa bakinku birki, ku karanta wannan tukuna. Ni kaina da nake ba ku labarin, har yanzu raina bai gama sauka ba.

*

"Wa ya shafa wa faifan nan man goge baki?"

Ko gaisuwata tsohon bai gama amsawa ba ya jefo min tambayar. Ya riƙe faifan kwamfutar Abba da yatsu biyu, ɗaya a ramin tsakiya ɗaya a baki, ya kai shi hanci ya shinshina. Likitan Faifai ake ce masa. Shi kaɗai ya rage mai wannan sana'a a duk layin masu gyaran waya, shagonsa ma a ƙarƙashin matattakala yake, in ka miƙe da garaje sai kanka ya gaisa da siminti.

Na ce, "Ni ce, Baba. Maƙwabciyata ce ta ce yana cike karce."

"Maƙwabciyarki. Ita ma gyara take yi?"

"A'a, atamfa take sayarwa."

"To madalla. Ranar da haƙorinki ya yi ciwo sai ki zo wurina in cire miki. Yaya kika goga shi?"

Na nuna masa da yatsa a iska, zagaye-zagaye.

Ya dafe kai.

"Innalillahi! 'Yata, rubutun da ke cikin faifai a zagaye yake tafiya, daga tsakiya zuwa baki, layi ɗaya siriri. In karce ya gitta layin, injin zai tsallake ya cike gurbin da kansa. Amma in karce ya bi layin yana tafiya tare da shi, me zai kama? Ke kuma kin zauna kin bi masa layi da hannunki, har da ƙarfinki."

Wallahi ji na yi kamar in nutse. Amma ban zo jin kunya ba.

"Baba, ka yi min faɗan daga baya. Gobe ƙarfe goma kwamitin binciken injiniyoyi zai zauna. In faifan nan bai buɗe ba, shi ke nan, sunan mahaifina ya tafi ke nan har abada."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

Na gaya masa a taƙaice, don na gaji da maimaita labarin. Abba injiniyan gini ne. Shekara shida da suka wuce matattakalar wani benen makaranta da ya zana ta rufta, Allah ya sa lokacin hutu ne, amma ta danne maigadi ya rasa ƙafarsa ta dama. Da aka tono sai aka ga rodi mai lamba goma a inda ya kamata a sa mai lamba sha shida. Aka ce Abba ne ya zana haka, aka soke sunansa daga rajistar injiniyoyi. Bai ce uffan ba. Ya shige ɗaki shekara biyu, daga nan aka fito da shi a makara. Ɗan kwangilar ginin kuwa Kawu ne, ƙanen Mama uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na san shi ya rage rodin. Wasiƙa bakwai na rubuta kafin a yarda a sake buɗe maganar. Abba mutum ne da ko takardar sayen ƙusa sai ya ɗauki hotonta ya adana, kuma duk takardun ginin nan suna cikin wannan faifan.

Tsohon ya jawo fitilar tebur, ya juya faifan ya koma gefen sama, inda ake rubuta suna da biro.

Sai na ga ya tsaya cak.

Ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa faifan. Ya daɗe a haka.

"Wannan kuma ke ce?"

"Me?"

"Zo ki gani."

Na leƙa. Jiya da na karɓo faifan ƙasansa kawai na damu da shi, ban ma kalli saman da kyau ba. A cikin gilashin sai ga layuka sirara birjik, a jere, ɗaya kusa da ɗaya, sun cika farin gefen.

Na ce, "Ai tsufa ne. Shekara shida a akwati."

"Tsufa ba ya jera layi, 'yata. Wannan allura ce. Mutum ne ya zauna ya natsu ya yi shi, kuma bai wuce sati guda ba, dubi bakin karcen, ko ƙura bai kama ba."

Jinina ya hau nan take.

"Kawu! Wallahi Kawu ne! Azzalumi, bai ishe shi ba ya kashe min uba da baƙin ciki, sai ya biyo shi har cikin akwati? Allah ya isa tsakanina da..."

"Dakata da Allah ya isar nan. Ina gidan faifan?"

Na zaro shi daga jaka. Roba ce fara mai tsage a kusurwa, da takarda a ciki da rubutun Abba na shuɗin biro: Benen makaranta, na asali.

Tsohon ya kalli gidan faifan, ya kalle ni. Ya cire tabarau ya ajiye a tebur da ƙarfi.

"Na san gidan nan. An zo min da shi."

"Wa?"

"Kwana takwas ke nan. Wata dattijuwa. Ta tsaya nan inda kike tsaye, ta ƙi zama, ta ƙi bari in taɓa. Ta ce, malam, ajiyar mijina ce da ya rasu, wane gefe ne ran faifai, don in san inda zan fi kiyayewa? Ni kuma shashasha na ji tausayinta. Na ɗauko wani tsohon sidi na karce samansa da ƙusa a gabanta, na ɗaga shi a fitila na nuna mata yadda haske ke ɓullowa ta ramin. Na ce, Hajiya, ƙasa in ya karce ina gyarawa, amma sama in ya karce ko ni ba ni da magani."

Ya bugi tebur.

"Shekara ashirin da uku ina tayar da faifan da ya mutu! Rana ɗaya aka zo aka mai da ni malamin ɓarna, da bakina, a shagona!"

Na ce, "Matar Kawu ce. Ita ce za ta aikata."

"Matar Kawun naki tana sa tabarau da aka ɗaure hannunsa ɗaya da baƙin zare?"

Bai jira amsata ba.

"Tana da kanta a yatsa irin ta masu ɗinki?"

"Baba, ka iya bakinka."

"Tambaya na yi."

"Uwata kake nufi! Matar da ta yi jinyar Abba shekara biyu, ta ɗauke shi ta kwantar! Matar da har yau ba ta bari a zauna a kujerarsa! Haba Baba, don kana gyaran faifai ba shi ne za ka san abin da ke cikin gidan mutane ba. Tsofaffi masu tabarau nawa ne a garin nan?"

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da mai gyaran wayar da ke maƙwabtaka ya leƙo ya koma.

Tsohon bai yi fushi ba. Ya sake tura min gilashin.

"Ni ban san gidanku ba. Faifai na sani. Dubi nan, inda mahaifinki ya rubuta kwanan wata a jikin faifan. Allurar ta bi ko'ina, amma da ta zo kan rubutunsa sai ta kauce, ta zagaye shi, ta ci gaba ta ɗaya gefen. Ko harafi ɗaya ba ta taɓa ba. Maƙiyin mutum ba ya tausayin rubutunsa."

Na kalla. Haka ne. An bar wa rubutun Abba fili fes a tsakiyar ɓarnar.

Kwana goma da suka wuce ni da Mama muka buɗe akwatin Abba tare, na ga faifan na yi ihun murna. Ta karɓe daga hannuna ta ce in bar shi wurinta tukuna, zuciyarta ba ta shirya rabuwa da kayansa ba. Sai jiya ta ba ni, bayan na yi zuwa uku.

Na zauna a kan wani kwali.

"Ke nan faifan ya mutu?"

Tsohon ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"A nan ne ta yi kuskure, ni ma na yi. Sidi na nuna mata, don na zaci sidi ne a gidan. Wannan dibidi ne. A ido ɗaya suke, amma sidi ransa a sama yake, ƙarƙashin fenti. Dibidi kuwa roba biyu aka manne, rubutun yana tsakiya. Ko ta kwana tana karce saman nan, ba abin da za ta taɓa."

"To me ya hana shi buɗewa jiya?"

"Datti da tsohon karce na ƙasa, abin da zan goge cikin minti biyar. Sai ke kika zo da man goge bakinki. Wadda ta so kashe shi ba ta yi masa komai ba. Ke mai cetonsa ke kika kusa kai shi lahira."



Ya wanke faifan da ruwa mai tsabta, ya tsane shi da wani ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, yana yi yana harara ta. Sannan ya buɗe wani inji kamar ƙaramar tukunya, ya kwantar da faifan, ya ɗiga masa wani farin ruwa mai kauri.

"Injin nan aske robar yake yi, kaɗan-kaɗan, har sai ya wuce zurfin karcen. Sau biyu zan iya. In na yi na uku robar ta yi siriri, ba mai iya karanta shi kuma. Kin yarda?"

"Na yarda."

Injin ya yi ta gurnani. Da ya fito da faifan sai ga shi yana ƙyalli, amma can wajen baki akwai wani zobe mai hazo da ya ƙi fita. Ya sake mayarwa. Zoben ya ragu, bai ɓace ba.

"Iyakata ke nan. Saura addu'a."

A bayansa akwai kanta cike da injinan karanta faifai da ya ciro daga tsofaffin kwamfutoci, kowanne da lamba a jikinsa. Ya ce idonsu ba ɗaya ba ne, abin da wannan ya kasa gani wancan sai ya gani. Ya jona na farko. Allon kwamfutar ya cika da ƙananan akwatuna, suka fara zama kore ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba buɗe faifan yake yi ba, kwashe shi yake yi gaba ɗaya zuwa cikin kwamfuta, don kada a wahalar da shi.

Awa biyu muna zaune. Kore, kore, kore. Da aka kusa ƙarshe sai ja ya fara fitowa.

"Wannan jan aikinki ne," in ji shi.

"Na ji, Baba. Na ji."

Ya buɗe abin da aka samu. Ga zanen ginin nan, ga matattakalar, ga rubutun Abba a gefe: rodi mai lamba sha shida, tazara kaza. Na dafe baki, hawaye suka zubo min. Shekara shida nake faɗa wa duniya haka ana kallona kamar mahaukaciya.

"Ka gani ko? Sha shida ya rubuta! Sha shida!"

"Na gani. Akwai wata takarda ta ƙarshe, ita ce ta faɗa cikin jan."

Ya danna. Hoton ya buɗe daga sama, ya sauko har rabi, daga nan zuwa ƙasa sai toka-toka, ba komai. Takardar umarni ce ga magina, an buga ta da inji: daga yau a yi amfani da rodi mai lamba goma a matattakala, an sake lissafi, zai ɗauka. A gefen takardar kuma, daidai inda tokar ta fara, ga saman wasu haruffa na jan biro. Na san hannun. Kawu ne kaɗai ke yin rubutu a karkace haka.

Na miƙe har na bugi siminti da kaina, ban ma ji zafi ba.

"Ga shi nan! Ga hannunsa nan! Ƙanenta take rufa wa asiri, ta zaɓi ƙanenta a kan mijinta! Juye min, Baba, hakan ma ya isa."

"Rabin takarda ba shaida ba ce. Zauna."

Ya cire injin farko ya jona na biyu. Jan ya ragu da uku. Ya jona wani baƙi, ba abin da ya canza. Sai ya sunkuya can ƙasan kantar ya jawo wani tsoho mai tsatsa, wanda sai da ya zura masa waya a wani ɗan rami kafin bakinsa ya buɗe.

"Wannan ba ya sauri, amma ba ya zuciya. Zai yi ta komawa wuri ɗaya har sai ya gani."

Injin ya yi ta ƙugi yana tsayawa, yana ƙugi yana tsayawa. Minti arba'in. Akwatin ja na ƙarshe ya koma kore a kan idona.

Ya sake danna hoton. Wannan karon ya sauka har ƙasa.

Jan biron Kawu ya fito cikakke: Ban yarda da wannan canji ba. A jira Injiniya ya fito daga asibiti.

A ƙasan takardar kuma, inda aka rubuta a madadin Injiniya, ga sa hannu nan, ga suna a rubuce ɓaro-ɓaro.

Yaya.

Yayana da muka fito ciki ɗaya. Wanda ya riƙe kan makarar Abba. Wanda duk wasiƙar da na rubuta wa kwamiti sai ya ce, Lauya ki bar wa Allah. Lauya Abba ke kirana tun ina ƙarama saboda gardama, kowa a gidan ya kama.

Sai lissafin ya dawo min. A watan da aka rubuta takardar nan aka yi wa Abba aikin ido, sati uku yana kwance da bandeji. Yaya bai fi shekara da gama karatun injiniya ba, shi ke zuwa wurin ginin a madadinsa.

Tsohon ya juye komai a wani ɗan filashi, ya ɗora min a tafin hannu, ya mayar da faifan gidansa.

"Aikina fito da abin da ke ciki ne, 'yata. Ban taɓa zaɓar wa mutum abin da zai samu ba. Ki je a hankali."

*

La'asar ta yi lokacin da na shiga gidanmu. Tun daga ƙofa nake jin ƙarar keken ɗinkin Mama. Tana zaune a ɗakinta na baya, tef a wuya, tana haɗa hannun wata riga. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Ya buɗe?"

"Ya buɗe, Mama."

Ƙafarta ta tsaya a kan fedar keken.

Na ajiye faifan a kan yadin da take ɗinkawa, gefen karcen yana sama.

"Wace allura kika yi amfani da ita? Ta keke ko ta hannu?"

"Lauya, ki san da wa kike magana."

"Na sani. Da matar da ta je shagon mutum ta yi masa ƙarya da sunan mijinta da ya rasu."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ba ta musa ba, wannan ya fi komai ƙona min rai. Na so ta musa, na so ta zage ni ta ce tsohon ƙarya yake yi.

"Rufe ƙofa," ta ce.

"Ba zan rufe ba! Rufe ƙofar ne ya kawo mu nan! Mama, shekara shida! Kina zaune ranar da na nuna Kawu da yatsa a gaban masu ta'aziyya na ce shi ya kashe Abba. Kina ji! Ya sunkuyar da kai ya ɗauki takalminsa ya fita, ba ki ce min kanzil ba. 'Yarsa ta haihu ban je ba. Ya kwanta asibiti ban je ba. Na hana yarana gaishe shi. Ashe mutumin nan shi kaɗai ne ya ce a'a!"

"Shi ya ce a bar ki. Ya ce gara ki tsane shi da ki tsani ɗan'uwanki."

"Wa da wa suka sani?"

Ta kawar da kai.

"Mama, wa da wa?"

"Kawunki. Matarsa. Matar yayanki."

"Wato kowa, sai ni jaka da nake yawo ofis-ofis da takarda a hannu! Kuna kallona ina fita da safe, ku ce Allah ya ba da sa'a!"

"Yaro ne a lokacin," ta ce, muryarta na rawa. "Rodin ya yanke a kasuwa, aiki ya tsaya. So ya yi babansa ya buɗe ido ya tarar an gama, ya ce ya haifu. Ya zauna ya yi lissafinsa, lissafin ya ci amanarsa. Ba sata ya yi ba, Lauya. Ko ƙusa ɗaya bai ɗauka ba."

"Ki je ki gaya wa maigadi haka. Jiya na gan shi a bakin titi da sanduna biyu."

"Mahaifinki da kansa ya zaɓa! Ranar da abin ya faru ya tara mu a ɗakin nan, ya ce shi ya gama rayuwarsa, yaron yanzu ya fara. Ya sa ni na yi masa alkawari. Alkawarin mamaci nake riƙe da shi, ke wace ce da za ki kwance?"

"In haka yake so, me ya hana shi karya faifan? Shekara biyu yana ɗakin can da shi a akwati. Hannu ne ba shi da shi?"

Ban jira amsarta ba.

"Ni zan gaya miki. Ya rufa wa ɗansa asiri, amma ya kasa kashe gaskiyarsa da hannunsa. Ya bar ta ko wata rana wani zai ce wannan bawan Allah bai yi ba. Ke kuma kika bi ta da allura."

Hawaye suka gangaro mata. Wallahi na ji su har cikin ƙirjina, uwa uwa ce, amma raina ya riga ya gama ɓaci.

"Yayanki yana da yara huɗu," ta ce. "Yau shi ake kira a duba gini. In takardar nan ta fita za su soke shi kamar yadda suka soke ubansa, wataƙila ma su ɗaure shi, tun da sa hannun da ya yi ba huruminsa ba ne. Na binne ɗaya saboda matattakalar nan. Kina so in binne na biyu?"

"Ni kuma ubana fa? Duk wanda ya bi ta gaban benen nan sai ya ce ga aikin injiniyan da ya ci rodi. Ɗana ya dawo daga makaranta yana kuka an ce kakansa ɓarawo ne. Shi ba shi da haƙƙi don ya mutu?"

Sai ta yi abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ta ture kujerar keken, ta sauko, ta zube gwiwa biyu a gabana, ta kama ƙafata.

"Mama, tashi! Don Allah tashi, kada ki jawo min masifa!"

"Ba zan tashi ba sai kin ba ni abin da ke hannunki."

Na ja baya, ta biyo ni da gwiwa. Filashin yana dunƙule a hannuna har ya fara cin tafina.

Wayata ta yi ƙara a jaka. Na zaro da ɗaya hannun. Sakataren kwamiti ne. Mama ta ga fuskata ta gane, ta ƙara damƙe ƙafata tana girgiza kai.

Na ɗauka.

"Hajiya, muna rufe jerin masu ba da shaida na gobe. Kin ce kina jiran wasu takardu. Mu sa ki, ko mu cire ki?"

Na kalli uwata a ƙasa. Na kalli ƙofar ɗakin da Abba ya yi shekara biyu bai leƙo waje ba.

"Ku sa ni."

Hannunta ya saki ƙafata. Ta dafa keken ta miƙe a hankali, ta share fuska da gefen mayafi, ta mayar da tabarau. Da ta yi magana muryarta ba ta rawa ko kaɗan.

"Kada ki kashe wayar. Ce masa ya rubuta sunana ni ma."

Na sauke wayar daga kunne.

"Me za ki ce musu, Mama?"

"Zan rantse musu cewa ina zaune a bakin gadon asibiti lokacin da mahaifinki ya ce wa yaron ya sa mai lamba goma."